Yadda ake kafa filin golf na yashi domin yaran unguwa a Maradi

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya yi suna a matsayin wasan masu hannu da shuni, kuma ba a banza ba. Filin ciyawa mai ramuka 18 yana cin gomman hekta, ga ruwan ban ciyawa kullum, ga kuɗin zama mamba. Sai dai wasan yana da ƙofar baya, kuma ta nan ƴaƴan waɗanda aka ware suka shiga. A Amurka sai a 1961 ƙungiyar ƙwararru ta PGA ta soke dokarta da ta ce farar fata kaɗai ke zama mamba, kuma Charlie Sifford, baƙar fata na farko da ya shiga jerin gasanninta, da ɗaukar jakar ƴan wasa ya fara yana yaro. Haka Lee Elder, baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar Masters a 1975. A Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya daga Durban, shi ma mai ɗaukar jaka ne kafin ya ci babbar gasar Holan a 1959 da 1960 da 1964. Vincent Tshabalala kuma ya ci ta Faransa a 1976.

Babu ɗayansu da ya fara da kuɗi. Abin da suka samu shi ne fili kusa da gida, da tsohuwar sanda, da wani babba da ya kula da su. Waɗannan ukun ana iya haɗa su a Maradi da rani, ba tare da ciyawa ko ɗigon ruwan famfo ba, domin a ƙasashe masu zafi an daɗe ana buga golf a kan yashi. Yaran da ake nufi a nan su ne waɗanda wasannin gari suka saba tsallakewa: ƴan mata, almajirai, kurame, ƴaƴan makiyaya da ke bakin gari, da ƴaƴan ƴan gudun hijirar da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019. Kokowa tana son ƙarfi, ƙwallon ƙafa tana son gudu. Golf ba ya tambayar ko ɗaya, shi ya sa siririn yaro da ba a taɓa zaɓa a tawagar unguwa ba zai iya zama gwani.

Fili

Kada ku fara da ramuka tara. Uku sun isa shekarar farko: ɗaya mai mita 40, ɗaya 60, ɗaya 90. Fili mai mita 150 a tsawo da 100 a faɗi, wato hekta ɗaya da rabi, yana ɗaukar su har da wurin atisaye. Mafi sauƙin samu shi ne gonar hatsi bayan girbi, daga Nuwamba zuwa Mayu. Ku nemi yardar mai gona a gaban mai unguwa, a rubuta takarda da ke faɗin ranar karɓa da ranar mayarwa, a kai kwafi ɗaya meri, wato ofishin magajin gari. Yarjejeniyar baki takan lalace ne ranar da magada suka ga tuta a gonar ubansu suka ɗauka an sayar.

Wajen shata ramukan, abu na farko da za a duba shi ne gefen dama. Yawancin masu koyo na hannun dama ƙwallonsu dama yake lanƙwashewa, don haka a bar aƙalla mita 40 a wannan gefen babu gida, babu hanya, babu rijiya, babu burtali. Kada ramuka biyu su yi layi ɗaya suna fuskantar juna. Kada kuma rami ya fuskanci yamma sak, tunda yawancin atisaye bayan la'asar ake yi, kuma wanda rana ke dukan idonsa ba ya ganin inda ƙwallonsa ya nufa, balle ya yi kashedi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Ku sa ramin mita 90 ya bi bayanta, gajeren ya fuskance ta.

Kada a sare ko reshe ɗaya. Gawo abokin wannan aiki ne, domin da rani yake ganye, daidai lokacin da ake buƙatar inuwar hutu, ko da yake ƴaƴansa na jawo awaki. A tuge kututturan kara a share hanya mai faɗin mita 15 daga mafari, inda ake bugun farko, zuwa rami, a kwashe ƙarangiya da tsidau a ƙone. Ku guji fadamar Gulbi. Ƙasarta na da daɗin aiki, amma masu lambu na buƙatarta da rani, kuma duk abin da aka gina a can ruwan damina zai tafi da shi.

Dandalin rami

Dandali shi ne shimfiɗaɗɗen wurin da ke kewaye da rami, inda ake tura ƙwallo a ƙasa har ya faɗa. Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne ake gane filin da zai daɗe. A kafa turke, a ɗaura igiya mai mita 4, a zagaya: an samu da'ira mai faɗin mita 8, kusan murabba'in mita 50. A kwashe rairayin sama kamar santimita 10, a zuba jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daɓe da madaɓi, hawa biyu, a bar kowane hawa ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Matan da suka iya daɓen ɗaki sun fi kowane birkila sanin wannan aiki, kuma in an samu makuba a sa a ruwan daɓen, ya fi ƙarko. A ba shi ɗan gangare, santimita ɗaya ko biyu a kowace mita, don kada ruwa ya kwanta.

A kan daɓen ake shimfiɗa tankaɗaɗɗen yashi mai kaurin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Da'ira ɗaya tana cin kubik ɗaya, wajen baro 15. A tankaɗe da ragar taga, domin tsakuwa ɗaya mai girman ƙwayar gero ta isa ta kautar da ƙwallo. Kaurin yashin shi ne sirrin dandali. In ya wuce santimita uku, ƙwallo zai nutse ya ƙi gangarawa, yara su koyi dukansa da ƙarfi, abin da zai cuce su ranar da suka hau ciyawa. In bai kai ɗaya ba, ƙwallon da ya faɗo daga sama zai daki daɓen ya yi tsalle ya fice.

A tsofaffin filayen yashi da baƙin man mota ake cakuɗa yashin don kada iska ta kwashe shi. Kada ku yi. Man yana bin ƙasa zuwa ruwan rijiya, yana ɓata gonar mutum, kuma yara ne za su riƙa taɓa shi da hannu su ci abinci. Maimakon haka a yi wa da'irar ɗan baki na ƙasa mai tsayin yatsa uku a ɓangaren da iska ke fita, a yayyafa bokitin ruwa biyu kafin wasa, bayan an tashi a rufe da tsofaffin buhuna a danne da duwatsu.

Ramin kansa dokar wasa ta ƙayyade shi: faɗi milimita 108, zurfi aƙalla milimita 101.6. Bututun roba na ruwa mai lamba 110, irin wanda masu gyaran famfo ke sayarwa, cikinsa ya ɗan gaza haka kaɗan, amma ya wadatar. A yanko santimita 15, a binne a tsakiya bakinsa daidai da saman daɓe, a jefa gwangwanin da zai shiga ciki don a riƙa ɗaga shi ana zubar da yashin da ya taru. Tuta kuwa gora ce mai mita biyu da jan ƙyalle. Sai majanyi: mai walda ya haɗa bututun ƙarfe mai santimita 70 da mariƙi, siffar T. Kafin kowa ya tura ƙwallo, sai ya ja majanyin sau ɗaya daga rami zuwa inda ƙwallonsa yake. Bayan an gama ramin, na ƙarshe ya share da'irar duka, yana zagayawa daga tsakiya zuwa waje, don kada ya bar sawunsa.

Sanduna da ƙwallaye

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14. Yaro mai koyo uku yake buƙata: fota, wadda ake tura ƙwallo da ita a dandali, weji, mai kwantacciyar fuska da ke ɗaga ƙwallo sama, sai ƙarfe mai lamba 7. Babbar sandar nesa, wadda kowane yaro ke kwaɗayi, a ɓoye ta sai bayan wata uku. Rukunin yara takwas zai iya aiki da fota huɗu, weji huɗu, lamba 7 huɗu, tunda rabi ne ke bugu a lokaci guda.

Tsofaffin sanduna kan zo cikin kayan gwanjo, kuma kulob-kulob na golf na da waɗanda mambobi suka yi watsi da su. Kafin a karɓa a riƙe kan sandar a murɗa. In ya motsa ko ya yi ƙara, gam ɗinsa ya mutu, kuma kan da ya fizge ana tsakiyar bugu ya fi ƙwallo haɗari. A cire shi, a kankare tsohon gam, a sa gam mai haɗi biyu irin Araldite, a bar shi awa 24. Jikin sanda da ya yi tsatsa har ya yi rami, a jefar. Kada a kai wa mai walda, wurin da aka ɗinke nan zai sake karyewa.

Tsawon lamba 7 ya kamata ya ɗan haura rabin tsayin yaro: mai santimita 120 yana son sanda ta 65 zuwa 70. In za a rage ta manya, daga wajen mariƙi ake yankewa, ba daga wajen kai ba. Amma ku sani cewa sandar da aka yanke da yawa tana ƙara tauri kuma kanta ya yi wa yaro nauyi, sai ya riƙa jan ta da kafaɗa maimakon lilo, wato kaɗa sanda baya da gaba. Saboda haka a zaɓi sandunan mata ko masu jikin girafait maimakon ƙarfe, sun fi rashin nauyi. Girafait yana tsagewa, sai an naɗe wurin yanka da salatif an bi a hankali da zarto mai ƙananan haƙora. In babu sabon mariƙi, a samo tsohon tif na keke wajen mai faci, a yanka shi siriri mai faɗin santimita biyu, a naɗa hawa ɗaya tak daga sama zuwa ƙasa. Hawa biyu yana sa mariƙi kauri, hannun yaro ya kasa juya fuskar sanda, ƙwallo ya riƙa tafiya dama.

Ƙwallon golf bai wuce giram 45.93 ba, faɗinsa kuma bai gaza milimita 42.67 ba. Makonni biyun farko a yi amfani da tsofaffin ƙwallayen tanis, sun fi girma, sun fi sauƙin samu da sanda, kuma ba sa fasa kai. Ƙwallayen gaske a shafa musu fenti ja ko mai launin ruwan lemo, a rubuta lamba, a ƙidaya kafin atisaye da bayansa. Kowane yaro kuma ya samu guntun kafet mai santimita 30 da 40, zai fi kyau irin mai kama da ciyawa. A kansa ake ɗora ƙwallo a buga a ko'ina ban da dandali, domin yashi da jar ƙasa suna cinye ƙasan sanda da layukan fuskarta.

Tsaro

Ƙwallon da ƙwararre ya buga da babbar sanda yana tashi da gudun da ya haura kilomita 250 a awa. Na yaro bai kai haka ba, amma ya isa ya tsiyayar da ido. Duk da haka yawancin raunin da ake samu wajen koyar da yara ba ƙwallo ke jawo shi ba, sanda ce, lokacin da wani ya lallaɓo bayan mai lilo. A ja layi biyu a ƙasa. Na gaba na masu bugu, tazarar mita huɗu tsakanin kowane biyu. Na baya, mita biyar daga na farko, na masu jira, kuma hannunsu babu sanda. Bahago a kai shi ƙarshen layi ta dama, ya fuskanci sauran, a ninka masa tazara, don kada shi da maƙwabcinsa su ba juna baya sandunansu su haɗu. Ba mai fita tsintar ƙwallo sai malami ya busa usur an ajiye sanduna ƙasa. Kalmar kashedi ɗaya ce, “Hattara!”, kuma wanda ya ji ta ba waiwaye zai yi ba, duƙawa zai yi ya rufe kai da hannu. In akwai kurame, a haɗa kowane da abokin da zai taɓa kafaɗarsa, usur kuma a haɗa shi da ɗaga jan ƙyalle.

Babba ɗaya ga yara takwas, kuma kada babba ya kasance shi kaɗai da yara a fili. In akwai ƴan mata, ɗaya daga cikin manyan ta zama mace. Dogon hijabi yana kama hannu wajen lilo. Tela zai iya ɗinka mai tsayawa a ƙugu, da doguwar riga da wando, iyaye su gani su amince tun kafin a fara. Silifas yana zamewa, a nemi takalmi rufaffe. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a gama kafin ƙarfe tara na safe ko a fara bayan la'asar, da litar ruwa ɗaya ga kowane yaro. Ranakun da suka fi dacewa su ne Alhamis ga almajirai, da izinin malaminsu, sai Asabar da Lahadi ga ƴan lakol. Amma a ware rana ɗaya a mako da duk za su haɗu, domin in aka raba su har abada, an sake gina katangar da ake son rushewa.

Koyarwa: daga rami zuwa waje

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da dogon bugu. A fara daga bakin rami. Makonni uku na farko fota kaɗai: a jera ƙwallo shida kewaye da rami a nisan mita ɗaya, yaro ya zura su duka, in ya kuskure ɗaya ya sake daga farko. Sannan daga mita 3, da 6, da bakin da'ira, inda burin ba zurawa ba ne, a tsayar da ƙwallo cikin taku ɗaya daga rami. Yaron da ya ji ƙarar ƙwallo cikin gwangwani a ranarsa ta farko zai dawo.

Riƙo: ga na hannun dama, hagu a sama, dama a ƙasa, yatsu goma duka a kan mariƙi, hannuwan suna manne. In ya duba ƙasa ya ga gaɓoɓi biyu na bayan hannun hagu. Kada ya matse har jijiya ta tashi. Wasu yara da kansu za su juya hannu, dama a sama. A dogon bugu a gyara musu, amma a fota a ƙyale su. Sewgolum da irin wannan juyayyen riƙo ya ci gasanninsa.

Mako na 4 zuwa na 6, weji daga mita 5 zuwa 15 a wajen da'ira: ƙafafu kusa da juna, nauyi ya fi yawa a ƙafar gaba, hannu ya ɗan riga kan sanda. Na 7 zuwa na 9, lamba 7 da rabin lilo, daga ƙugu zuwa ƙugu. Daga na 10 ne ake cikakken lilo, a ƙare ciki na kallon tuta, dugadugan ƙafar baya a ɗage, a tsaya haka har a ƙirga uku. Atisaye kada ya wuce minti 90, kuma rabinsa na ƙarshe wasa ne a ramuka, ba jeri ba.

Matsaloli uku ne za ku yi ta gani. Na farko, sanda ta daki kan ƙwallo ya yi ta birgima a ƙasa. Dalili shi ne yaron yana ƙoƙarin ɗebo ƙwallon ya ɗaga shi da wuyan hannu, alhali kwanciyar fuskar sanda ce ke ɗagawa. A ajiye ƙwallon dabino yatsa uku gaban ƙwallon a ce ya share su tare. Kada a ce masa “sunkuyar da kai”, shawarar da kowa ke bayarwa. Tana hana jiki juyawa, ta ƙara ɓata bugun. Na biyu, sanda ta tono ƙasa kafin ta kai ƙwallo, saboda nauyi ya maƙale a ƙafar baya. Nan yashi ya fi ciyawa amfani: a ja layi, ba ƙwallo, yaro ya yi lilo goma, kowane sawu ya faɗa gaban layin, shi da kansa zai ga inda ya sauka. Na uku, lanƙwasa zuwa dama, wadda ke zuwa daga buɗaɗɗiyar fuskar sanda. A fara duba kaurin mariƙi, sannan a ɗan juya hannun hagu har gaɓoɓi uku su bayyana. Yaran da suka saba faskare sukan saro ƙwallo daga sama da waje. A ajiye kwali a gefen waje na ƙwallon, taki ɗaya, su koyi wucewa ba su taɓa shi ba.

Katin maki

A nan tarbiyyar take, ba a wa'azin da malami zai yi kafin wasa ba. Golf ba shi da alƙali mai bin kowane ɗan wasa. Ana musayar kati, kowa ya rubuta wa abokinsa, a ƙarshe su biyun su sa hannu. A gasar US Open ta 1925 Bobby Jones ya ci kansa tarar bugu ɗaya saboda ƙwallonsa ya motsa, ba wanda ya gani sai shi, kuma gasar ta ƙare da kunnen doki, ya faɗi a wasan raba gardama. A ba yara wannan labari sau ɗaya, sannan a bar kati ya yi aikinsa.

Kowane rami yana da ma'auninsa, adadin bugun da ake sa ran gwani ya yi: ku sa 3 ga ramukan mita 40 da 60, 4 ga na 90. Ku yi lissafi da tsarin Stableford, wanda aka fara gasa da shi a Ingila a 1932: daidai ma'auni maki 2, ƙarin bugu ɗaya maki 1, ragin ɗaya maki 3, ƙarin biyu ko fiye babu maki, a ɗauki ƙwallo a wuce. Wanda ya yi 4, 3, 7 ya samu 1 da 2 da 0, jimla 3. Amfaninsa shi ne rami ɗaya da ya lalace ba ya kashe ranar yaro duka, kuma layi ba ya tsayawa. Almajirin da bai iya lambobin boko ba ya rubuta da na ajami, abokinsa ɗan lakol ya kwafa a gefe. Cikin wata ɗaya kowannensu zai karanta na ɗan'uwansa.

Dokoki kaɗan sun isa farawa. Duk lilon da aka yi da niyyar bugu ana ƙirga shi ko bai taɓa ƙwallo ba. Ƙwallon da ya ɓata minti uku ake nemansa, kamar yadda dokar 2019 ta rage daga biyar, sannan tarar bugu ɗaya a koma inda aka bugo. Wanda ya shige ƙarƙashin ƙaya, tarar ɗaya, a sake shi daga tsayin gwiwa cikin tsawon sanda biyu, ba kusa da rami ba. Kafet ana shimfiɗa shi daidai inda ƙwallo ya tsaya. In an kama yaro ya rage bugu, kada a tozarta shi a gaban jama'a. A ja shi gefe, a sa shi ya lissafo bugun ɗaya bayan ɗaya yana nuna wurin kowane. Wanda kuwa ya faɗi tarar kansa ba a tambaye shi ba, a ambaci sunansa a gaban kowa, shi ne kuma zai riƙe littafin maki mako mai zuwa. Caca ko ta dala ɗaya ce a hana, har tsakanin manyan da ke zuwa kallo.

Aikin kadi da abin da ke bayansa

Kadi shi ne mai ɗaukar jakar ɗan wasa, kuma na ƙwarai ya wuce ɗan dako: shi ne idon mai wasa da ma'aunin nisansa. A koya wa manyan yara, daga shekara 14, mafi ƙarancin shekarun aiki a dokar Nijar. A auna mita 10 da igiya, kowa ya taka ya san takunsa nawa ne, har ya iya faɗin nisan tuta da kuskuren da bai wuce mita biyu ko uku ba. Ya san juya yadi zuwa mita, yadi 100 mita 91, domin wasu filaye da yadi suke aunawa. Ya bi ƙwallo da ido har ya tsaya, ya riƙe alamar wurin da itace ko dutse. Ya goge fuskar sanda bayan kowane bugu. Ya tsaya cik, shiru, lokacin lilo, inuwarsa ba ta faɗa kan layin ƙwallo ba, ƙafarsa ba ta taka shi ba. Ya iya gaisuwa da ƙirga da sunayen sanduna da Faransanci da Ingilishi. Yaran da suka zo daga Najeriya da ƴan lakol na nan za su koya wa juna.

Filayen da wannan ilimi ke da kasuwa sun haɗa da Rio Bravo kusa da Yamai, wanda shi ma na yashi ne, da kulob-kulob na Kano da Kaduna, da Rayfield a Jos, da IBB a Abuja. Ku rubuta musu da sunan ƙungiyarku, da hotunan fili da kwafin littafin maki, ku nemi tsofaffin kaya da ziyarar kwana ɗaya. Littafinku shaida ce kawai. Handikaf na hukuma, wato lambar da ke nuna matsayin ɗan wasa a tsarin duniya na 2020, sai an buga ramuka 54 a filin da aka tantance, ta hannun kulob mai rajista. Karɓar ladan ɗaukar jaka ba ya fitar da yaro daga sahun ƴan wasan sha'awa, amma karɓar kuɗin koyarwa na iya fitar da shi, a kula.

Kafin duk wannan, takardar haihuwa. Da yawa daga cikin yaran da muke magana a kansu ba su da ita, kuma babu gasar matasa, babu jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, babu tsallake iyaka sai da ita. A taimaki iyaye su nemi takardar kotu da ke maye gurbinta, da shekarun gaskiya. Ko yaro bai sake taɓa sanda ba, wannan ta zauna masa. Tafiya kuma sai da rubutaccen izinin iyaye da rakiyar manya biyu, bayan an tabbatar da halin hanya da na iyaka a wannan makon.

Kada a yi wa iyaye alkawarin ɗansu zai zama Tiger Woods, shahararren ɗan golf na Amurka. Ya ci Masters a 1997 yana ɗan shekara 21, amma tun yana ɗan ƙanƙani yake da uba mai koyar da shi da filaye a kusa. A shekarar ne aka kafa shirin First Tee a Amurka don kai wasan ga yaran da ba su da hali, kuma tallafin karatu na Evans, da ke biya wa masu ɗaukar jaka kuɗin jami'a tun 1930, na waɗanda ke aiki a filayen can ne. Duk wanda ya zo da sunan irin waɗannan yana neman kuɗin fom ko na biza, ɗan damfara ne. Ƙofar kadi ma tana da tarko: yaro ya ɗanɗani kuɗin yini ya bar karatu, ya tsufa yana ɗaukar jakar wasu. Sharaɗin shiga fili shi ne zuwa makaranta, ta boko ko ta allo, mushe ko malam ya sa hannu a kati duk wata. Wanda ya yi fashin karatu ya zo fili, amma majanyi zai riƙe ranar, ba sanda ba.

Kafin ruwan farko

A tsakiyar Mayu a rufe. A tono bututun ramuka, a kwashe yashin dandali a buhuna don baɗi, a tambayi mai gona ko yana son a farfasa daɓen ko a bar shi ya yi masussuka. A bi fili a jere a tsinto duk ƙwallon da ya ɓata, kada garma ta tono shi. Sanduna a wanke, a busar, a shafa wa ƙarfen ɗan mai, a rataye su a ɗaki nesa da rufin kwano, domin zafi yana busar da mariƙi yana kashe gam. Jakunkuna kuma kada su taɓa ƙasa saboda gara. Mayar da gonar a yi shi a gaban mai unguwan da aka karɓa a gabansa, a ranar da takarda ta faɗa, kuma a wannan zaman ne ake neman izinin Nuwamba mai zuwa.